Tsohon da Ke Yi wa Rami Sallama

Albasa na fara gani. Kafin in ga tabarmin masu gaisuwa, kafin in ji kukan gwaggona daga cikin gida, idona ya faɗa kan wani tarin albasa a gindin danga, sabuwar cira, ƙasa ba ta gama bushewa a jikinta ba. Gefenta ga tumatir kwando biyu, ga ƙullin zogala, ga salati an yayyafa masa ruwa an rufe da buhu. Na tsaya, mai kabu-kabun da ya kawo ni a moto daga Maraɗi yana jira in sallame shi, ina tunanin ko ɓatan gida muka yi. A ƙauyukan Tsibiri hatsi ake kai wa gidan mutuwa, ko goro, ko abin da ya sawwaƙa a dunƙule cikin hannu. Ban taɓa ganin an je gaisuwa da kayan miya ba.

Gwaggo, ƴar marigayin ta fari, ita ta warware mini bayan mun gama kukanmu. Ta ce tun da hantsi mutanen Jiratawa suke zuwa, biyu-biyu a kan moto, kowa da abin da ya ciro daga lambunsa. Ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba. Su ma ba su san sunan ubanta ba. Gidan tsoho mai gafiya suka riƙa tambaya a bakin hanya, kuma ba wanda ya ɓata.

Marigayin ƙanin kakana ne na wajen uba. Kaka nake ce masa, shi kuma amarya yake ce mini, irin tsokanar da ke tsakanin kaka da jika. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasa ta yi masa taushi kamar yadda ya yi mata ladabi.

Daga inda mata ke zaune ana jin maganar maza ta cikin dangar kara. Limamin ƙauyen ya ce tsohon ya kama salla a makare, amma tun da ya kama bai taɓa neman shi a sahu ya rasa ba. Abokansa uku na ƙuruciya, Anna ne masu bin al'adar kakanni, ba su shiga sahun jana'iza ba, amma su suka haƙa kabarin, kuma da dagin marigayin suka haƙa, wannan ƙarfen da ya yi shekaru yana tonon rami da shi. Ɗaya daga cikinsu ya ce ƙasa ba ta yi musu gardama ba, ta san ƙarfen. Wani mai lambu daga Jiratawa ya shafa fatiha, ya ce a hankali, yanzu kuma sai mu da gafiya. Mutane suka yi ƴar dariya, irin wadda ke fitowa tare da hawaye.

Kawuna ma ya zo, wan mahaifiyata, babban ɗan kasuwar atamfa da ke unguwar Zariya a Maraɗi. Motarsa ta kasa yashi, ya taka da ƙafa cikin farar shadda. Aka matsa masa a kan tabarma, ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Waɗanda suka san abin da ya taɓa shiga tsakaninsa da marigayin suka dubi juna.

Ƴaƴana ba su san komai game da shi ba sai cewa tsoho ne mai ba su goruba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Gajere ne, siriri, dugadugansa duk faso. Kullum kansa a sunkuye yake tafiya. Na daɗe ina zaton tsufa ne ya lanƙwasa shi, ashe sawu yake dubawa. Da damina hatsi yake nomawa kamar kowa. Da rani, lokacin lambu, sai ya saɓa dagi, ya rataya wata tsohuwar tukunya mai huda a gindi, da faifai, da ƙunshin ƙaiƙayi da busasshen barkono. Duk wanda ya taɓa lambu ya san ɓarnar gafiya. Ta ƙarƙashi take zuwa. Za ka ga ganyen dankalinka kore shar, ka ja, ka ji ba komai a ƙasa. Kaka yakan ce kada mutum ya yi faɗa da gafiya cikin fushi, don ta fi shi lokaci. Yakan ce ramin da ya tara ƙasa a baki ƙofar baƙi ce, ƙofar gudu ba ta tara komai. Kuma kafin ya taɓa kowane rami sai ya durƙusa ya ce, "Gafara dai, masu gida."

Ba mu taso kusa da shi ba. Babana ya yi karatun addini, ya zauna a Jiratawa, ya rage zuwa ƙauye. Ba faɗa suka yi ba, nisa ce kawai ta shiga. Da Baba ya rasu, Kaka ya zo ya yi kwana uku a ƙofar gida, ya ajiye damin hatsi, ya tafi. Inna ba ta ce masa ko sannu ba, ba don raini ba. Surukinta ne, ƙanin uban mijinta. Ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana baki da baki. In dole ta ambace shi, Baba na Tsibiri take cewa.

Abin da Baba ya bar mana fili ne guda a lambun Jiratawa, wanda ake ce wa parsel. Da shi muke ci, da shi nake zuwa lekol, wato makarantar boko. A can inji ke jawo ruwa ya zuba a babban kanal na siminti, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi na ƙasa, kowane mai lambu da ranarsa. Dokar wurin kowa ya san ta: wanda aka kama da satar ruwa za a ja masa kunne, in ya sake a karɓe filin a ba wani, don masu jira suna da yawa.

Rani na biyu bayan rasuwar Baba, ina da shekara goma sha bakwai, abin ya faru. Hanyar ruwan maƙwabcinmu ta bi ta jikin iyakarmu, tudun ƙasa kawai ya raba. Ranar Talata da yamma yake ban ruwa. Safiyar Laraba sai a wayi gari fangalolinmu na jikin iyaka sun jiƙe sharkaf, nasa na can ƙarshe kuma ruwa bai kai ba, tattasansa yana yaushi. Ba mugun mutum ba ne, magidanci ne mai baki da yawa a gida. Karon farko ya yi wa Inna magana a hankali. Karo na biyu ya ɗaga murya a gaban mata masu tsinkar zogala. Karo na uku ya kai ƙara wurin kwamitin masu lambu. Suka zo suka gani da idonsu: namu a jiƙe ba ranarmu ba, nasa a bushe. Ba a ga inda aka fasa tudun ba, sai aka ce ai fasawa take yi ta liƙe kafin gari ya waye. Inna ta ce a kawo Alƙur'ani ta dafa. Shugaban kwamitin, dattijo mai tsoron Allah, ya ce kada a yi gaggawar rantsuwa. Ya ba da mako guda. In Laraba ta sake zagayowa aka ga haka, ranar Alhamis za su zauna su yanke.

Kawu ya ce ta bar musu kayansu, ta tattaro mu mu koma Zariya, ɗaki na nan, abinci na nan. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Inna ta ce masa, "Yaya, in na bar shi yanzu, da sunan ɓarauniya zan bar shi. Wa zai auri ɗiyar ɓarauniya?"

Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya da nake haya a kasuwa. A cikinsu, daidai irin wannan gaɓar ce wani saurayi mai sanyin murya ke tsayar da farar mota, ya fito ƙamshinsa ya riga shi, ya ga yarinya tana share hawaye da gefen mayafi, ya ce wa ya taɓa ki. Har na zaɓa masa aiki: injiniyan ruwa ne daga Yamai. Kwana biyu ina wanke fuska ina sa kwalli kafin in je lambu. Ba motar da ta tsaya sai kamiyon masu sayen albasa.

Rana ta uku Inna tana tuƙa tuwo, ta ce, ba da ni take ba, da tukunya take, ta ga wata ƴar sabuwar ƙasa a gindin zogala, da Baba na Tsibiri yana kusa da ya san ko ta mece ce. Ba za ta iya aika masa ba, suruka ba ta aiken suruki. Na gane. Da safe na ɗauki hanyar Tsibiri.

Na same shi yana gyaran rumbu. Ya ce amarya ta yi yaji ta gaji ta dawo ke nan. Na faɗa masa komai. Ya shiga ɗaki ya fito da tukunyarsa. Ranar ce ya fara hawa moto a rayuwarsa. Ya zauna a bayan mai kabu-kabu ya riƙe dagi a tsaye kamar mashi, muka ƙetare gulbi, muka ratsa Maraɗi gaba ɗaya. Ina biye a wata moto ina jin yana gaya wa direban cewa in ya kashe shi ga amaryarsa can za ta yi gado, kuma ba abin da za ta samu sai tukunya mai huda.

A lambu muka tarar da Inna. Ta durƙusa daga nesa, ta kau da fuska. Taku uku ne tsakaninsu, ni a tsakiya. Ya ce in ce wa uwata ta nuna masa inda ruwan ke kwana. Ta ce in ce masa ga shi nan jikin iyaka. Haka suka yi ta magana ta bakina, kowa yana jin kowa. Ya taka zuwa fangalin, ya ciro albasa ɗaya, ya matsa gindinta da yatsa, ya shinshina. Ta fara ruɓa.

"Ki ce mata ɓarawon ruwa ba ya kashe albasarsa da ruwa," in ji shi. "Ki ce mata ta tahi ta ci abinci."

Ban maimaita ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Tun da aka fara maganar nan shi ne mutum na farko da bai tambaye ta ko ta yi ba.

Da la'asar Kawu ya iso, labari ya kai masa. Ya tsaya bakin lambu yana yi wa Inna magana, amma da tsohon yake. Ya ce ƴan kwamiti mutanen salla ne, in suka ga an kawo wanda ke hira da ramuka, za su ce bayan sata har da tsafi. Kaka yana zaune yana fiƙe tsinke, bai ɗago ba.

"Alhaji, kai in za ka tada mutum daga shagonka, ba ka yi mashi sallama?"

"Gafiya ba mutum ba ce, tsoho."

"Ta riga ka zuwa wurin nan, ta riga ubanka. Ni ban roƙe ta komi ba, ban yanka mata komi ba. Sallama na yi. In sallama ta zama tsafi a birni, ban samu labari ba."

Kawu ya ce ya cire hannunsa, duk abin da ya biyo baya kada a neme shi. Ya ja motarsa da ƙarfi har ƙura ta rufe salatin mutane.

Aikin Kaka ba shi da kyan kallo. Da yamma ya bi ramuka ɗaya bayan ɗaya, ya share bakin kowanne da tsintsiya har ƙasar ta yi sumul, ya gitta tsinke a kai. Da safe ya dawo ya duba: inda tsinke ya faɗi kuma ga sawu, da mai gida a ciki; inda gizo-gizo ya yi saƙa, kango ne. Tsakanin safiya da yamma ba abin yi sai jira. Muna zaune a inuwar mangwaro, ya ga ina ɓoye littafi a cikin mayafi, ya ce in karanta masa ya ji abin da ya ɗauke hankalin amaryarsa daga kansa.

Na karanta. Da na zo inda aka kwatanta saurayin, dogo, mai fararen haƙora, ya tsayar da ni ya tambaya ko yana da rumbu. Na ce kamfani gare shi. Ya ce to mi yake ci. Da na zo inda yarinyar ta suma don an kalle ta, ya ce yunwa ce, a ba ta fura. Ya ce duk ƙarya ce, in rufe. Na rufe. Bayan ɗan lokaci ya ce, to shi uban yarinyar, da ya ga wasiƙar, mi ya ce? Kafin kwana uku ya fi ni ƙaguwa. Har ya yi fushi da wata ƙawar yarinyar, ya ce tun shigowarta ya san ramin gudu ce, ba ta tara ƙasa a baki.

Amma aikin bai tafi daidai ba. Ya samu ramuka bakwai a ɓangarenmu, huɗu masu rai. Wannan bai wanke Inna ba, kowane lambu da gafiyarsa. Abin da yake nema shi ne ƙofar da ruwa ke shiga, kuma tana ɓangaren maƙwabci. Maƙwabcin ya ce ba mai taka masa fili. Talata ta zo, ya yi ban ruwa. Laraba muka wayi gari fangalolinmu a jiƙe, mutane suna wucewa suna kallo ba sa gaisuwa. Saura kwana ɗaya. Inna ta fara ɗaure kwanukanta a buhu.

Da hantsi Kaka ya je ya tsugunna a kan iyaka, daidai inda ƙafarsa ba ta taɓa filin mutumin ba. Ya gaishe shi, ya yaba tattasansa, ya tambayi irin da ya shuka. Mutumin yana amsawa da ƙyar. Can Kaka ya ce masa, gobe za a karɓe filin matar nan a ba wani, shi ke nan. To in Talata ta zagayo tattasai ya ci gaba da bushewa, wa zai kai ƙara? Mutumin ya daɗe yana kallon shukarsa. Sannan ya ce ya shigo, amma shi kaɗai.

Ruwa ya janye daga hanyar, saura laka. Tsohon nan ya kwanta rub da ciki a cikinta, yana cusa hannu a ƙarƙashin ciyawar da ta rufe gefen tudun, taku bayan taku. Na tsaya daga namu ɓangaren ina kallon farin kansa yana matsawa kaɗan-kaɗan. Wajen azahar na ga hannunsa ya shige har kafaɗa. Bai yi murna ba, bai kira kowa ba. Ya tashi, ya wanke jikinsa, ya ce in ce wa uwata ta kwance kwanukanta.

Safiyar Alhamis ƴan kwamiti suka zo, su biyar, jama'a na biye. Kaka ya roƙe su su tsaya a cikin albasarmu. Ya riga ya toshe ramukanmu da ƴar ƙasa marar nauyi, ya bar ɗaya can gefen daji. Ya ƙetara wurin maƙwabci, ya cika tukunya da ƙaiƙayi da barkono, ya sa garwashi, ya kifa bakinta a kan ramin da ya gano, ya liƙe gefen da laka. Sannan ya miƙa wa maƙwabcin faifai, ya ce shi zai yi fifita ta hudar gindin, don kada a ce wani abu aka yi.

Ya durƙusa. Ya ce, "Gafara dai, masu gida." Wani ya yi dariya daga baya. Shugaban kwamiti bai yi ba.

Mutumin ya yi ta fifita. Ba abin da ya faru. Zufa ta jiƙa masa riga, mutane suka fara gyaran murya, ɗaya daga cikin ƴan kwamitin ya duba agogo. Na dubi Inna, idonta a rufe, leɓɓanta na motsi. Ni kam na riga na ga kanmu a ɗakin bayan gidan Kawu.

Sai wani siririn hayaƙi ya taso daga tsakiyar albasa, kusa da ƙafar shugaban. Wani ya taso a gindin zogala. Wani kuma can. Barkono ya shaƙe dattijon, ya kama tari yana nuna ƙasa da yatsa. Ta ramin gefen daji gafiya biyu suka fito, manya, ɗaya har ta yi furfura a baki. Kaka ya samu ɗaya da ƙotar dagi, ɗayar ta bi ta tsakanin ƙafafun jama'a, maza suna tsalle suna riƙe riguna.

Da hayaƙi ya lafa ya bi ramin da dagi, daga hanyar ruwan maƙwabci, ta ƙarƙashin tudu, har cikin fangalinmu. Faɗinsa ya kai damtsen mutum, cikinsa duk laka. A tsakiya, daga ɗan sama inda ruwa ba ya kai wa, ya buɗe rumbunta: ga tattasan maƙwabci, ga ƙananan albasar Inna, a cakuɗe. Ya ce ga mai satar nan, ta haɗa ku kwano ɗaya.

Maƙwabcin yana tsaye da faifai a hannu. Ya cire hularsa. Ya ce wa Inna a gaban kowa, "Na ɗauki alhakinki." Ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sannan ta juyo wurina, ta ce, "Ki ce mashi..." Maganar ta tsaya a nan.

Kaka yana kankare laka daga dagi. Ya ce, "Ki ce mata na ji."

Bai tafi ba sai da ya cike ramin da laka haɗe da ƙayar aduwa da fasassun tukwane, yana yi yana nuna wa duk mai son gani, don gafiya ba ta sake bin inda ƙaya ta soke ta. Daga ranar mutanen Jiratawa suka san hanyar gidansa. Kowane rani sai an aika moto ta ɗauko shi, har ya saba, yana zama a baya yana gyangyaɗi. Ladarsa abinci da naman abin da ya kama. Mai hali ya ƙara masa da abin da ya ga dama. A filin gwauruwa kuwa ko ruwa sai an matsa masa yake sha.

Abu ɗaya ne ba ya yafewa: guba. In ya je lambu ya ga an zuba maganin kusu, juyawa yake ko zama bai yi ba. Yakan ce guba ba ta da ido, ba ta san gafiya ba, ba ta san kaza ba, ba ta san yaro mai rarrafe ba.

A kan haka ya sake haɗuwa da Kawu, bayan shekara biyu. Kawu ya shuka ciyawar ado a tsakar gidansa na Zariya, gazo suke ce mata, ana yi mata ban ruwa safe da yamma. Gafiya ta mayar da ita kamar gonar da aka cire gyaɗa. Mai gadi ya kwaɓa guba da ƙuli-ƙuli ya ajiye. Zabin Hajiya matarsa suka mutu, kyanwar gida ta mutu, ramuka suka ƙaru. Kawu ya aika direba da mota Tsibiri. Kaka ya mayar da motar ba kowa, ya ce a gaya wa Alhaji yashin ƙauyensu ba ya cin ƙafa. Sai da Kawu ya je da kansa.

Ina gidan ranar da suka iso. Kaka ya sa aka tattara sauran gubar aka binne a gabansa kafin ya ajiye tukunya. Ya tsaya yana kallon ciyawar, ya tambayi wace dabba ake noma wa. Kawu ya ce ba ta ci ba ce, ta kallo ce. Kaka ya girgiza kai. Sannan ya cire takalmi ya taka ta, ya yi gaba ya dawo, ya sake yin gaba. Ya ce to, gaskiya tana da daɗin ƙafa. Kwana biyu ya gano ta magudanar bayan sito suke shigowa, inda ake ajiye buhunan masara. Da ya durƙusa zai yi sallamarsa, Kawu yana tsaye a bayansa, ya ɗaga hannu ya hana yaran gida dariya. Da azahar suka ci tuwo a kwano ɗaya. Kaka ya yi masa tayin naman gafiya, Kawu ya ce ya ƙoshi, Kaka ya ce ai ya sani, ladabi ne kawai.

A shekarunsa na ƙarshe ido ya tafi. Bai daina ba. A kai shi bakin rami, ya shafa ƙasar da tafin hannu, ya ce jiya ta fita, ko ya ce wannan kango ne ku bar shi. Ranar da na kai masa mijina ya gaishe shi, ya riƙe hannunsa ya daɗe yana shafawa, ya ce ba hannun hauya ba ne, amma tunda ya ƙwace masa mata ya riƙe ta da kyau, in ba haka ba ya san yadda ake fitar da mai gida daga ɗaki.

Inna tana Jiratawa har yau, a filin nan. Shekaru bayan abin da ya faru, da mai rabon ruwan layinsu ya tsufa, masu lambu suka zauna suka ce ita suke so ta riƙe makullin ƙofar ruwa. Ba a taɓa ba mace ba kafin ita. A bakin zaninta take ɗaure shi, ko biki ba ta kwana a wani gari saboda shi. In wani ya zo da ƙarar an sace masa ruwa, ba ta cewa komai sai ta ɗauki tsintsiya da tsinke ta bi iyaka tukuna.

Ranar da labarin rasuwar Kaka ya iso, ranar ruwan layinsu ce. Ta kwance makullin, ta taka zuwa filin maƙwabcin nan, shi ma yanzu gemunsa ya yi fari. Ta miƙa masa.

Ya dubi makullin, ya dube ta. Ya ce, "Ni za ki ba?"

Ta ce, "Kwana uku zan yi. Ka fara da masu ƙarshen layi, nasu ya fi jin ƙishi."

Da ta dawo rana ta huɗu ta bi layin fili-fili. Kowa ya sha ruwansa, har nata. Fili ɗaya ne a bushe, na maƙwabcin. Ya bar kansa a ƙarshe, inji ya tsaya kafin a zo kansa, kuma bai gaya wa kowa ba. Ta karɓi makullinta. Da aka tada inji, shi ta fara buɗe wa.